Ƙarfe Biyar Saura Kwata a Madrid: Amsa ga Uwar da Ranar Ganin Likita ta Kuɓuce Mata

Wasiƙar wannan makon ta fito ne daga wata 'yar uwa da ta bi maigidanta zuwa Sifaniya, ta kuma roƙi a sakaya sunanta. Ga abin da ta rubuta a taƙaice:

“Assalamu alaikum, Hajiya. Ni 'yar Katsina ce, watana tara ke nan a Madrid tare da maigidana da ɗanmu mai shekara huɗu. Ina ɗan tsintar Sifaniyanci, ina iya gaisuwa da cefane, amma maganar lokaci ta gagare ni. A watan jiya aka kira ni daga asibitin unguwarmu don a ba yaron ranar ganin likita saboda tarin da ke damunsa. Matar ta ce ‘a las cinco menos cuarto’. Na kama biyar, na kama kwata, sai na isa ƙarfe biyar da kwata, aka ce an kira sunanmu tun rabin awa da ya wuce, sai da muka jira kwana goma kafin a sake ba mu wata rana. Kafin wannan kuma maƙwabciyata ta gayyace ni cin abinci ‘a mediodía’, na ƙwanƙwasa mata ƙofa ƙarfe goma sha biyu daidai, na tarar ko tukunya ba ta ɗora ba. Maigida ya ce sakaci ne da rashin mai da hankali. Yanzu idan baƙuwar lamba ta kira ni ba na ɗauka, sai in bari ya dawo daga aiki da dare. Na fara tunanin ko kaina ne ba ya ja. Don Allah ki ba ni shawara.”

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ba yaro lafiya, ya kuma sa ku ci ribar zaman da kuka je yi.

Kanki yana ja, kuma wasiƙarki ce shaidata. Matar da ta yi wata tara kacal a baƙuwar ƙasa, aka yi mata magana ta waya da sauri, ba ta ganin fuskar mai maganar balle hannun da zai yi mata nuni, amma duk da haka ta kama “cinco” ta san biyar ne, ta kama “cuarto” ta san kwata ne, ba ta cancanci a kira ta mai sakaci ba. Kalma ɗaya ce ta zame miki a tsakiya, wato “menos”, ita ce kuwa take riƙe da rabin awar da kuka rasa. Ma'anarta a maganar agogo ita ce “saura”. Da kunnenki ya tsaya a kanta, da kin gane cewa matar nan tana gaya miki abin da kika saba ji tun kina ƙarama a Katsina ne: ƙarfe biyar saura kwata.

Wannan shi ne abin da nake so ki riƙe fiye da komai a cikin amsata. Mutanen Sifaniya suna jera maganar lokaci kamar yadda Bahaushe yake jera ta, kalma bayan kalma. Mu muna fara ambaton awa, sannan mu ce “da” ko “saura”, sannan mu kawo adadin mintuna. Su ma haka suke yi: awa tukuna, sannan “y” wadda ake furtawa “i”, ita ce “da”, ko kuma “menos”, sannan mintuna. Ƙarfe uku da rabi shi ne “las tres y media”. Ƙarfe takwas da kwata shi ne “las ocho y cuarto”. Ƙarfe tara da minti goma shi ne “las nueve y diez”, tara saura minti goma kuma “las nueve menos diez”. Inda muke cewa “daidai” su “en punto” suke cewa, don haka “las siete en punto” ƙarfe bakwai daidai ke nan. Na lura da yawan 'yan uwanmu da suka yi makarantar boko suna fara juya abin da suka ji zuwa Turanci a zuciyarsu kafin su dawo da shi Hausa, Turanci kuwa yakan gabatar da mintuna kafin awa, sai lissafin ya birkice a hanya alhali mai magana ya riga ya wuce zuwa wata jimlar. Ki daina bi ta wannan doguwar hanyar. Daga Sifaniyanci ki sauka kai tsaye a Hausa, za ki tarar kowace kalma tana da gurbinta a shirye.

Bari in daɗe kaɗan a kan “menos”, tunda ita ce ta jawo muku jiran kwana goma. A Sifaniya, da zarar an wuce rabi, yawancin mutane sukan bar awar da ake ciki su koma ƙirga abin da ya rage wa mai zuwa. Ƙarfe bakwai da minti talatin da biyar sai ki ji an ce “las ocho menos veinticinco”, wato takwas saura ashirin da biyar. Haɗarin a bayyane yake: lambar farko da za ta shiga kunnenki ita ce ta awar da ba a kai ba tukuna, mai koyo kuma yakan cafke lambar farko ya saki sauran maganar don murnar ya gane wani abu. Saboda haka ki koya wa kanki haƙuri, kada ki yanke hukunci sai jimla ta ƙare. Akwai kuma alamar da za ta taimake ki. “Y” gajeriya ce ƙwarai, a magana mai sauri takan narke cikin kalmar da ke gabanta har ki kasa jin ta, amma “menos” gaɓa biyu ce kuma da harafin m take farawa. Kalma ɗaya ce kawai take mata kama a wannan gurbi, wato “media”, kuma bambancinsu mai sauƙi ne: “media” ita ke rufe lissafin, “menos” kuwa ba ta taɓa tsayawa ita kaɗai, dole wata kalma ta biyo bayanta.

Sai tarko na biyu, wanda ba ki faɗa ciki ba wannan karon amma yana nan yana jiran duk mai koyo. “Cuarto” kwata ne, “cuatro” kuma huɗu. Haruffansu ɗaya ne, wurin zaman r ne kawai ya bambanta: a kalmar kwata r tana zuwa kafin t, a kalmar huɗu tana zuwa bayan t. Ƙarfe huɗu da kwata shi ne “las cuatro y cuarto”, kuma ina ba ki shawara ki mai da wannan jimlar abin maimaitawa kina wanke-wanke, har harshenki ya daina tuntuɓe a kanta. A aikace, idan ana ba ki lokacin ganin likita ko na ganin malamar makaranta, da wuya a ce miki ƙarfe kaza da minti huɗu, don haka in kin ji wannan sautin bayan “y” ko “menos”, mafi rinjaye kwata ake nufi. Haka nan “dos” da “doce”, biyu da goma sha biyu, da “tres” da “trece”, uku da goma sha uku. A nan zamanki a Madrid ya yi miki rana, domin mutanen tsakiya da arewacin Sifaniya suna furta c ɗin da ke gaban e ko i da kan harshe tsakanin haƙora, irin sautin harafin ث da kika koya a makarantar allo. Wanda ya iya bambanta ث da س a karatu ba zai kasa bambanta “doce” da “dos” ba. Ki dai kiyaye kada idonki ya karanta c ɗinsu kamar namu na “cefane”. Sautin namu su da ch suke rubuta shi, kamar a “ocho” da “noche”. Idan kuwa wata rana kuka je kudu, yankin Andalus, za ki tarar mutane da yawa suna haɗiye s ɗin ƙarshen kalma, sai “las dos” ta fito kamar babu s ko ɗaya a cikinta, a can sai an ƙara buɗe kunne.

Game da “las” da kike ta gani a gaban kowace lamba, ki ɗauke ta a aikace a matsayin kalmar da ke zaune a gurbin “ƙarfe”. Asalinta tana nuni ne ga “horas”, jam'in “hora” wadda ake furtawa “ora” don h ba ta da sauti a harshensu, kuma kalmar mace ce kamar yadda “awa” da “sa'a” suke a Hausa. Ƙarfe ɗaya ne kaɗai yake fita daban, saboda awa guda ce tilo: ana cewa “es la una”, sauran duka kuma “son las dos”, “son las tres”, har zuwa “son las doce”. Idan kina son sanin lokaci sai ki ce “¿Qué hora es?”, idan kuma lokacin da za a yi wani abu kike tambaya sai ki ce “¿A qué hora?”, amsar ma da wannan “a” za ta zo, kamar yadda matar asibiti ta ce miki “a las cinco”. Kuskure a wannan ɓangaren ba ya hana a fahimce ki, don haka kada ki ɓata ƙarfinki a kansa yanzu. Mun ce “ƙarfe” ne saboda ƙarfen da ake bugawa don sanar da awa, su ma har yau suna cewa agogo ya ba da goma sha biyu. Agogon da ke dandalin Puerta del Sol a tsakiyar garinku, wanda yake can tun 1866, shi ne duk ƙasar take saurara a daren 31 ga Disamba, ana cin 'ya'yan inabi goma sha biyu, ɗaya a kowane bugu, kuma ƙararrawar da ke gabatar bugun nan “los cuartos” ake kiranta, kalmar nan dai ta kwata.

A Madrid ba da 'yan asalin Sifaniya kaɗai za ki yi hulɗa ba. Akwai mutanen Latin Amurka masu yawan gaske, daga Kolombiya da Benezuwela da Ekwado da Peru, kuma wataƙila cikinsu akwai maƙwabtanki ko iyayen abokan yaronki. Da yawansu ba sa cewa “menos”. Abin da za ki ji shi ne “un cuarto para las cinco” ko “faltan diez para las ocho”. Wannan ma ba baƙo ba ne a gare ki, domin mu ma muna da wannan salon na biyu: saura kwata biyar ta yi, saura minti goma takwas ta cika. Duk inda kika ji “para las”, lambar da ta biyo baya ita ce awar da ake dosa, wadda ta gabata kuma ita ce abin da ya rage. Hukumar kula da harshen, Real Academia Española, wadda aka kafa a Madrid a 1713, ta amince da salon biyu, don haka babu wanda ya fi wani inganci. Ke dai ki riƙa amfani da na garin da kike zaune, ki kuma gane ɗayan in an yi miki shi.

Yanzu ga maganar maƙwabciyarki. A ƙamus “mediodía” tsakiyar rana ce, ƙarfe goma sha biyu, don haka ba ki yi kuskuren fassara ba. Amma a bakin mutumin Madrid, idan ya ce “a mediodía” ba tare da lamba ba, lokacin cin abincin rana yake nufi, su kuwa tsakanin ƙarfe biyu da uku suke cinsa, abincin dare kuma sai tara ko goma. Wannan jinkirin yana da tushe. Madrid tana yamma da layin Greenwich na Ingila, wanda daga kansa ake auna lokutan ƙasashen duniya, don haka bisa tafiyar rana kamata ya yi agogonta ya zama ɗaya da na Ingila da Fotugal. A watan Maris na 1940, zamanin mulkin Janar Franco, aka tura agogon ƙasar gaba da awa ɗaya ya yi daidai da na tsakiyar Turai, kuma ba a sake mai da shi baya ba. A kan wannan kuma ake ƙara wata awar a watannin zafi. Sakamakon haka, a tsakiyar shekara rana ba ta tsayawa tsaka a Madrid sai bayan ƙarfe biyu, kin kuma gani da idonki a jadawalin salla cewa azahar a lokacin ba ta shiga sai bayan biyun. Wato maƙwabciyarki a tsakiyar rana ta gaskiya take cin abinci, agogon ne ya yi gaba ya bar rana a baya.

Na kawo wannan ne don ki gane cewa jikinki ma yana cikin abin da ke rikita ki. A Katsina magariba ba ta nisa da tsakanin ƙarfe shida da bakwai duk shekara, don haka tun kina yarinya kin saba auna lokaci da inuwa da kiran salla ba tare da kin dubi agogo ba. A Madrid kuwa, ƙarshen watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen goma saura kwata, a Disamba kuma kafin shida ta faɗi, a farkon Janairu sai bayan takwas da rabi take fitowa. Ma'aunin da kika zo da shi daga gida ba zai yi miki aiki a nan ba, kuma wannan ba laifinki ba ne. Shi ya sa ma kalmar “tarde”, wadda muke fassarawa da yamma, take da faɗi ƙwarai a wurinsu: daga bayan abincin rana take farawa har duhu ya shiga, za ki ji an ce “las ocho de la tarde”, takwas na yamma, inda mu da tuni mun ce takwas na dare. Na safe shi ne “de la mañana”, na dare “de la noche”, sannan suna da “de la madrugada” don tsakanin tsakar dare da wayewar gari, wato lokacin sahur da asuba. Ƙarfe goma sha biyun rana “las doce del mediodía” ne ko “las doce de la mañana”, na dare kuma “las doce de la noche”. Kalmar “mañana” kuwa harshen damo gare ta. Idan ta zo ita kaɗai gobe take nufi, idan “la” ta gabace ta safiya ce, saboda haka “mañana por la mañana” gobe da safe ke nan, “pasado mañana” kuma jibi. Daga yau, duk wanda ya ce miki “a mediodía” ko “por la tarde”, kada ki bar shi ya tafi sai kin ce “¿A qué hora?” ya ba ki lamba. Su kansu haka suke tambayar juna.

A rubuce abin ya fi sauƙi. Takardar asibiti, tikitin jirgin ƙasa na Renfe, saƙon makaranta, duk da tsarin awa ashirin da huɗu suke zuwa, inda biyar saura kwata na yamma yake fitowa 16:45. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram sun saba da wannan tun daga Faransanci. Ke da kika taso a Najeriya sai ki riƙa cire goma sha biyu daga duk lambar da ta wuce goma sha biyu. Ki saita agogon wayarki a kan wannan tsarin yau ɗin nan, cikin mako biyu idonki zai saba. Ki kuma sa a ranki cewa ana canja agogo sau biyu a shekara: Lahadin ƙarshe ta Maris ana tura shi gaba daga biyun dare zuwa uku, Lahadin ƙarshe ta Oktoba a mai da shi baya daga uku zuwa biyu. Waya takan gyara kanta, amma agogon bango da na murhu sai kin gyara da hannu. Tsakanin Oktoba da Maris lokacinku ɗaya ne da na Najeriya da Nijar, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba kuma kun fi su da awa ɗaya, sai ki kula da wannan in za ki kira mahaifiyarki. Idan kika ji mai labarai a rediyo ya faɗi lokaci ya ƙara da “una hora menos en Canarias”, tsibiran Kanari yake nufi, waɗanda suke bayan sauran ƙasar da awa ɗaya, ga “menos” ɗinki ta sake fitowa.

Akwai abu ɗaya da ba ki tambaya ba, amma ba zan iya tsallake shi ba tunda yaro mai tari ne a hannunki. Idan likita ko mai kantin magani ya ce “cada ocho horas”, yana nufin duk bayan awa takwas, wato sau uku a yini da dare. Wannan daban yake da “a las ocho”, ƙarfe takwas. “Cada” ita ce “duk bayan”. “Dentro de media hora” nan da rabin awa ne, “hace media hora” kuma rabin awa da ya wuce. A maganar magani kada ki dogara da kunne ko kaɗan, ko da kin ji kamar kin fahimta. Ki miƙa kwalin maganin ki ce “¿Me lo puede escribir, por favor?”, wato a taimaka a rubuta miki, masu kantin magani sun saba rubuta wa mutane yadda za su sha a jikin kwali, har 'yan ƙasa ma ana yi musu.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne daina ɗaukar waya. Na fahimci kunyar, domin babba da hankalinsa ba ya son a mai da shi yaro a gaban mutane, kuma zafin ganin ɗanki yana tari kwana goma saboda kalma ɗaya ba ƙaramin abu ba ne a zuciyar uwa. Amma ki duba wanda zai iya kasancewa a bayan baƙuwar lambar nan: asibiti ne yana so ya matso muku da rana, ko makaranta ce tana neman ki zo ki ɗauki yaro don jikinsa ya yi zafi. Waɗannan ba sa jiran maigida ya dawo da dare. Ba sai kin iya Sifaniyanci duka za ki iya wannan wayar ba. Jimla uku sun wadatar. Ta farko, “Más despacio, por favor”, a rage sauri. Ta biyu ita ce mafi muhimmanci, ki maimaita lokacin da wani salo daban da wanda aka faɗa miki, don in akwai kuskure ya fito fili. Da matar ta ce “cinco menos cuarto”, da kin ce “¿A las cinco y quince?”, nan take za ta ce a'a ta gyara miki, da kuma kin ce “¿A las cuatro y cuarenta y cinco?” za ta ce “sí”. Maimaita kalmominta kamar yadda ta faɗa ba ya tabbatar da komai, domin baki yana iya kwaikwayon abin da kai bai gane ba. Ta uku, “¿Me lo puede mandar por mensaje?”, ko za a turo miki a saƙo. Matambayi ba ya ɓata, kuma mai amsa waya a asibiti ta fi son ki tsayar da ita daƙiƙa ashirin da a ce gurbin likita ya tafi a banza.

Za ki ji ana cewa mutanen Sifaniya ba su damu da cika lokaci ba. Tsakanin abokai akwai ɗan sassauci, kuma suna da kalmominsa: “sobre las cinco” ko “a eso de las cinco” shi ne wajen ƙarfe biyar, “las cinco y pico” kuma biyar da ɗan wani abu. In kin ji waɗannan, minti goma ba zai ɓata zumunci ba. Amma duk abin da aka kira “cita”, na likita ne ko na ofishin takardun zama ko na banki, ba ya cikin wannan sassaucin. Ki isa da minti goma sha biyar a hannu, in kuma kin ga za ki makara ki kira ki ce “Voy a llegar diez minutos tarde”, zan makara da minti goma.

Hanyar koyo da nake ganin za ta fi dacewa da ke ba ta bukatar littafi. Ki sayi agogon bango mai hannaye ki rataye a kicin, domin “y” da “menos” a fuskar agogo suke zaune, ɓarin dama na “da” ne, ɓarin hagu na “saura”, agogon lambobi kuwa ba ya nuna wannan. Sannan ki ɗaura darasin a kan salla. Sau biyar a rana kina duba jadawali, kuma lokutan suna motsawa da minti ɗaya ko biyu kusan kullum, wato kina da sabon darasi kyauta kowace rana. Kafin ki yi alwala ki faɗi lokacin da ƙarfi da Hausa, sannan da Sifaniyanci, har da ɓangaren yinin: la'asar ƙarfe shida saura minti biyar, “las seis menos cinco de la tarde”. Yaronki ma in ya je makaranta zai dawo da lambobin a bakinsa, ki bar shi ya yi miki tambaya. Ki kuma nemi ajin koyon harshe na manya. A yankin Madrid akwai cibiyoyin ilimin manya na gwamnati da ake kira CEPA, waɗanda da yawansu suna koyar da baƙi Sifaniyanci, ƙungiyar agaji ta Cruz Roja, wato Red Cross, ma tana yin irin wannan. Maƙwabciyar da ta gayyace ki abinci ita ce ta fi kowa cancanta ta raka ki neman mafi kusa da ku, kuma na tabbata zuwanki da wuri bai tsaya mata a rai kamar yadda ya tsaya miki ba.

Game da maigida, kalmar “sakaci” ta yi nauyi kuma ba ta dace da abin da ya faru ba, amma ina kyautata zaton damuwar ciwon ɗansa ce ta fito da ita. Ki sami lokacin da ya ci abinci ya huta, ki nuna masa jimlar a rubuce, ki ce masa ga kalmar da ta wuce ki kuma yanzu kin san ta. Shi ma akwai ranar da ya fara jin harshen nan, ki tambaye shi abin da ya fara rikita shi, wataƙila ya tuna. Sannan ki roƙe shi abu ɗaya ƙarami: ya riƙa kiranki daga wurin aiki sau ɗaya a rana, ya faɗa miki wani lokaci da Sifaniyanci da saurin da mutanen gari suke yi, ke kuma ki mai da masa da lambobi ta saƙo. Ta waya kika yi tuntuɓe, don haka ta waya ya kamata ki yi atisaye, kuma muryarsa ce wadda ba za ki ji kunyar cewa ta maimaita ba. Ki ajiye biro da ƙaramin littafi inda kike ajiye wayar, duk lokacin da aka ba ki ki rubuta shi da lambobi kafin ki kashe, tare da ranar. Idan kun koma wurin likita, ki rubuto mini yadda jikin yaron yake.